Turancin Yau Da Kullum

Iyayenmu maza da mata, yayyenmu da ƙannenmu, almajiran ajin yaƙi da jahilci na Gwandu da na Kalgo da ƙauyukan da ke kewaye, muna gaishe ku, muna yi muku sannu da ƙoƙari.

Ga shi yanzu galibinku kun iya karatun Hausa da boko. Kuna rubuta sunanku, kuna karanta wasiƙa, kuna yin lissafi a takarda. Tun da aka kai nan, duk ajin da muka shiga sai mu ji magana iri biyu. Waɗansu su ce, "Malam, yaushe za a fara mana Turanci?" Waɗansu kuwa su ce, "Haba Malam, da furfurarmu? Bakinmu ya riga ya sandare, a bar wa yara." To, yau ga amsa ga duka biyun.

In kun koma gida, ku duba abubuwan da ke ɗakinku waɗanda ke da rubutu a jikinsu. Ga kwalbar magani, ga katin asibiti na yaro, ga buhun taki, ga galan na maganin feshi, ga saƙon da banki ya turo cikin waya. Da wane harshe aka rubuta su? Kusan duka da Turanci. Da shi a ke aikin gwamnati a Nijeriya, da shi kuma kamfanoni ke rubuta gargaɗi a kan kayansu. Wanda ya rubuta gargaɗin yana ganin ya fita haƙƙinku. In ba ku karanta ba, ku ne da hasara, ko da dukiya, ko da lafiya.

Ba muna nufin ku zama lauyoyi ba ne, ko ku riƙa zuba Turanci kamar mutumin Ingila. Kalmomin da ke bin talaka har cikin ɗakinsa ba su da yawa. In mutum ya riƙe ɗari ko ɗari biyu, ya san yadda a ke faɗinsu, ya san ma'anarsu sosai, ya tsere wa cuta mai yawa. Su mu ke so mu koya.

Masu cewa koyon harshen wani ba na manya ba ne, mu tuna musu inda mu ke zaune. A garin Gwandu ne hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ke, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1829. Fillanci ya tashi da shi a gida. Larabci kuwa koyonsa ya yi gaban malamai, harafi bayan harafi, har ya kai ya rubuta tafsirin Alƙur'ani da shi, ya kuma wallafa littattafai a kan nahawu da sarfu, watau ƙa'idodin harshen kansa. Tun kafin wannan ma, malamai sun ba mu labarin Sahabi Zaidu ɗan Sabitu, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurta ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu, kada wani ya canja magana a tsakani. Dalilin nan shi ne namu: kada a karanta maka abin da ba shi aka rubuta ba.

Turawan ma da suka zo ƙasar nan sai da suka zauna suka koyi Hausa, har jarrabawa a ke yi wa ma'aikatansu a kanta. Wani daga cikinsu, Bargery, ya yi shekaru yana bin garuruwa yana tambayar tsofaffi ma'anar kalmomi, har ya fitar da babban ƙamus na Hausa da Turanci a 1934. Kuna tsammani bakin Bature ya iya ƙ da ɗ da ɓ tashin farko? Sau nawa aka ji baƙo zai ce ƙasa ya ce kasa, yara su ɓuya bayan zana suna dariya? Bai fasa ba. Gemu ba ya hana ilmi.

Yanzu bari mu gaya muku abin da zai ba ku mamaki. Kun riga kun san Turanci da yawa, ba ku dai sani kun sani ba. Ku saurari wannan magana: Direba ya taka birki a tasha, fasinja ya sauka, ya tafi asibiti ganin likita. Wa bai gane ba? Babu. To, kalmomi shida a cikinta daga Turanci suka fito. Direba shi ne driver, birki brake, tasha station, fasinja passenger, asibiti hospital, likita kuwa doctor. Haka tebur da bokiti da siminti da famfo da kananzir da fenti. Haka tela da kafinta da lebura da soja. Jaridar nan ta Zariya da aka fara bugawa a 1939, wadda Malam Abubakar Imam ya yi wa edita, Gaskiya Ta Fi Kwabo, kwabon da ke cikin sunanta copper ne, watau jan ƙarfen da aka yi kuɗin da shi. Sule kuma shilling ne, sisi sixpence. An daina kashe sule da sisi tun da naira ta shigo a 1973, amma har yau muna cewa ba ni da ko sisi.

Watannin boko fa? Janairu, Fabrairu, Maris, Afrilu, har zuwa Disamba, duk goma sha biyun na Turanci ne. Ga kalmomi 12 a aljihunku, ba ku biya kowa ba.

Sai dai a nan mu ɗan tsaya. Mutane da yawa su kan ce kalmar boko ma daga book ta fito, watau littafi. Masu binciken harshe sun duba, cikinsu har da Paul Newman a 2013, suka nuna tsohuwar kalmar Hausa ce, tana nan tun kafin Turawa su zo, kama kawai ta yi da waccan. Ba kowace kama ba ce dangantaka.

Me ya sa driver ta koma direba? Domin Bahaushe in ya yi baƙo sai ya sa masa riga. Bakinmu ba ya son baƙi biyu su haɗu a farkon kalma ba wasali a tsakani. Turanci kuwa yana jera biyu, har uku. Saboda haka da muka ji bread sai muka cusa wasali muka ce burodi. Muka ji block muka ce bulo. Muka ji screw muka ce sukuru. Har wa yau bakinmu ya fi son kalma ta ƙare da wasali, don haka bucket ta zama bokiti, court ta zama kotu, bank ta zama banki. In kuna son ku faɗi kalmar yadda mai ita zai gane, sai ku tuɓe mata rigar. Ku cire wasalin da muka cusa a gaba, ku yanke wanda muka rataya a baya. Ku gwada: banki, bank. Bokiti, bucket. Ku rufe bakinku a kan baƙin ƙarshe, kada ku bar shi a buɗe.

Amma ku lura, waɗansu baƙin da suka daɗe a gidanmu sun canja hali. Wire a Turanci igiyar ƙarfe ce kawai. Mu muka mai da ita waya, muka ba abin da mu ke magana da shi sunan, saboda da can ta cikin igiyar ƙarfe saƙo ke tafiya. In ka ce wa wanda ba ya jin Hausa ka ɓatar da wire ɗinka, zai tura ka wurin mai gyaran lantarki. Sunan abin a wurinsa phone. Yard ma'auni ne na tsawo, ƙafa uku, mu kuwa muka kira tufar da a ke aunawa da shi yadi. Ku riƙe wannan, za mu sake gamuwa da irinsa in mun zo kan kuɗi.

Mu zo kan haruffa. Turanci yana da haruffa 26. Galibinsu kun san su daga karatun Hausa. Guda huɗu ne baƙi a wurinku: p, q, v da x. Su kuma ba su da namu masu ƙugiya.

Wanda ya fi wahal da mu shi ne p, don mu kan haɗa shi da f. A nan ƙasar Kabi da Sakkwato abin ya ƙara nauyi, gama bakinmu ya saba da hwadama maimakon fadama, da hita maimakon fita. Ba laifi ba ne, Hausarmu ce, ba kuwa mai raba mu da ita. Amma a Turanci in ka musanya su, magana ta canja. Pan kwanon suya ne, fan kuwa fanka. Pull ka jawo, full abu ya cika. Pool tafki ne, fool kuwa wawa, ka ga wannan in ta kuɓuce maka gaban mutum sai faɗa. Ga yadda a ke raba su. In za ka ce p, ka haɗa leɓɓanka biyu ka rufe ruf, sa'an nan ka buɗe da ƙarfi iska ta fashe. In za ka ce f, ka ɗora haƙoranka na sama a kan leɓen ƙasa, ka hura iska ta zurara. Ka riƙe ɗan yankin takarda gaban bakinka. Da p sai ta yi tsalle sau ɗaya. Da f sai ta yi ta kaɗawa. Iyayenmu da haƙoran gaba suka zube, muna ba ku haƙuri, ku yi iyakar abin da ya samu.

V ɗan'uwan f ne. Haƙora a kan leɓe su ma, sai dai da murya. Mu kan mai da shi b, sai vote, watau ƙuri'a, ta koma boat, watau jirgin ruwa. Th kuwa sai ka fito da kan harshenka tsakanin haƙora kaɗan, ka hura. Wanda ya yi karatun allo ya gyara bakinsa a kan haruffan Larabci ya san wannan sauti, yana nan a harafi na huɗu. Da shi a ke cewa three, uku. In ka ce tree, itace ka ambata.

Sai c. A Hausa kullum sautinsa ɗaya ne, kamar a cikin ciki da cuta. A Turanci wani lokaci k ne, kamar cup, wani lokaci s ne, kamar cement. Namu sautin kuwa da haruffa biyu su ke rubuta shi, ch, kamar a child, yaro.

A nan ne za mu faɗa muku gaskiya ko da ba daɗi. Rubutun Turanci ba shi da amana kamar na Hausa. Namu, abin da ka gani shi za ka faɗa. Nasu kuwa akwai haruffan da a ke rubutawa ba a faɗinsu, suna zaune kawai kamar 'yan rakiya. Knife, wuƙa, naif a ke cewa, k ɗin bai yi magana ba. Write, rubuta, rait a ke cewa. Hour ita ce awa ɗinmu, kun ga kakanninmu da kunne suka ɗauke ta, shi ya sa ba su sa h ba. Receipt kuwa ita ce rasit, p ɗin da ke ciki barci ya ke yi. Don haka kada ku koyi kalmar Turanci da ido kaɗai. Sai kun ji an faɗe ta.

Kada kuwa mu yi musu dariya da yawa, gama mu ma muna da namu. Ku rubuta gari, wurin zama, ku rubuta gari, na tuwo. Haruffa ɗaya ne, amma a na biyu mun ja wasalin farko. Kunnen da ya raba waɗannan zai raba ship, jirgin ruwa, da sheep, tunkiya. Zai raba live, zama, da leave, tashi. Gajere da dogo ne kawai.

Yanzu ga inda kuɗi ke zubewa. Lambobi. Thirteen 13 ne, thirty kuwa 30. Fourteen 14, forty 40. Fifteen 15, fifty 50. Haka har nineteen da ninety. Na goma sha, a ƙarshe a ke jan su, a rufe da n: fif-tiin. Na gomiya kuwa, farkon a ke dannawa, ƙarshen ya faɗi gajere: fif-ti. Wani almajirinmu mai sayar da albasa ya ba mu labari. Ya yi ciniki ta waya da wani mai mota wanda ba ya jin Hausa, a kan kuɗin ɗaukar kaya. Shi ya ji dubu 15, ya yi ta murna ya samu araha. Mai mota kuwa dubu 50 ya faɗa. Sai da aka ɗaure kaya, aka kama hanya, kana magana ta fito. Aka yi ta cacar baki a bakin titi, albasa na shan rana. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Tun daga ranar, in an faɗa masa lamba sai ya tambaya, "One five ko five zero?" Ko kuwa ya ce a rubuta masa. Ku ma ku yi haka, ko Turawan kansu haka su ke yi in waya ba ta fita sosai.

Mu shiga ɗakin uwargida, mu ɗauki kwalbar magani. Iyayenmu mata, wannan naku ne musamman, don ku ke tashi da dare in yaro ya yi zazzaɓi.

Daily, a ce deili, kullum. Once, a ce wans, sau ɗaya. Twice sau biyu. Three times sau uku. Before kafin, after bayan, meal ko food abinci. In kun haɗa su, kun karanta rabin abin da a ke rubutawa a kan magani. Shake well, a girgiza sosai. For external use only, na shafawa ne a jiki, ba a sha. Keep out of reach of children, a ajiye inda hannun yara ba zai kai ba.

Akwai kalmomi biyu masu kama da juna da mu ke so ku zuba musu ido. Teaspoon ƙaramin cokali ne na shayi, yana ɗaukar mililita 5. Tablespoon babban cokali ne, yana ɗaukar mililita 15. Duka da t su ke farawa, duka da spoon su ke ƙarewa, amma ɗaya ya ninka ɗaya sau uku. A wani aji wajen Kalgo wata baiwar Allah ta gaya mana ta ba ɗanta maganin tari da babban cokali, don an ce mata cokali ɗaya, ba a ce wanne ba. Yaro ya yi ta barci har hankalinta ya tashi, ta saɓa shi sai asibiti. Allah ya kiyaye, ya tashi. Kwalbar kuwa ta faɗi gaskiya tun farko, teaspoon aka rubuta. In magani ya zo da ɗan kofinsa mai layi-layi, da shi za ku auna, ku nemi lambar da ke kusa da ml.

Sa'an nan ku juya kwalbar, ko ku duba gefen kwali. Za ku ga MFG ko MFD da lamba, wannan lokacin da aka yi maganin ne. Za ku ga EXP da lamba, wannan lokacin da zai lalace ne. In an rubuta EXP 08/2027, watau wata na takwas, Agusta, na shekarar 2027. Wani lokaci su kan gajarta sunan watan da haruffa uku. A nan watannin da kuka riga kuka sani za su yi muku rana, sai dai ku raba JUN da JUL, ku raba MAR da MAY. Ku nemi kuma lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna. In kun ga Not for sale, ba na sayarwa ba ne, kyauta aka kawo shi, wanda ya karɓi kuɗinku a kansa ya cuce ku.

Mu fita gona. Manoman fadama, kuna sayen maganin feshi kowace shekara. Herbicide mai kashe ciyawa ne. Insecticide mai kashe ƙwari ne. Wutsiyarsu ɗaya, cide, a ce said, ma'anarta mai kashewa. Kan ne ya bambanta, sai ku duba kan. A cikin masu kashe ciyawa kuma akwai selective, mai zaɓe, wanda ke kashe wata ciyawa ya bar shuka irin wadda aka ambata a jikin galan. Akwai non-selective, wanda ba ya zaɓe, duk ɗanyen ganyen da ya taɓa ya tafi. Haruffa uku ne tsakaninsu, n, o, n. Wanda bai gan su ba ya fesa a kan shinkafar da ta tsiro, ya yi wa kansa girbi tun ba a je ko'ina ba. Poison dafi ne. Danger haɗari. In kun ga hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye, ko jan layi a gindin takardar, maganin mai tsanani ne ƙwarai. Galan ɗinsa ba ya komawa na ruwan sha ko na man gyaɗa, kome wankin da aka yi masa.

Wannan ya kawo mu ga abin da mu ke ganin ya fi kome muhimmanci cikin jawabin nan. A Turanci ƙananan kalmomi sun fi manya haɗari. No, not, do not, non, da un da a ke maƙalawa a gaban kalma, duk aikinsu ɗaya, su juya magana ta koma kishiyarta. Safe ba haɗari, unsafe akwai haɗari. Paid an biya, unpaid ba a biya ba. Mai sabon karatu ya kan yi tsalle ya kama babbar kalmar da ya sani, ya tsallake 'yar ƙaramar da ke gabanta. Ku saba da fara duba ƙananan.

Ga waya kuma. In saƙo ya shigo daga banki, kalma biyu za ku nema. Credit, ko Cr a gajarce, kuɗi sun shigo. Debit, ko Dr, kuɗi sun fita. Kun tuna baƙin da suka canja hali? Mu kan ce kiredit muna nufin katin kira, amma a saƙon banki ba wannan a ke nufi ba. Dr ɗin nan kuma ba likita ba ne, ko da ya ke haka a ke gajarta doctor a ƙofar asibiti. Balance shi ne abin da ya rage a ajiyarka. In ka sayar da kaya aka ce an turo maka, kada ka dubi wayar mai saye, ka dubi taka, ka ga balance ya ƙaru. A wurin mai POS kuwa, takardar da ta fito za ta ce Approved ko Successful, ya tafi, ko Declined ko Failed, bai tafi ba. Pending yana kan hanya, a jira. Kada ka yar da takardar. PIN da OTP kuwa mabuɗin rumbunka ne. Saƙon da kansa ya kan ce Do not share, kada ka ba kowa. Duk wanda ya kira ka ya ce daga banki ya ke, ka karanta masa lambar, ɓarawo ne.

Sauran takardar cikewa. Name suna. Surname sunan mahaifi ko na gida. Date of birth ranar haihuwa. Next of kin ɗan'uwa mafi kusa, wanda za a nema in wani abu ya faru. Signature sa hannu, thumbprint dangwala yatsa. Guarantor mai tsaya wa wani, watau in wancan ya kāsa biya, kai za a kama. Kada ka sa hannu a ƙarƙashin wannan kalma don kunya.

Da yawa cikinku kun tuna watan Nuwamba na 2015, sa'ad da Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya buɗe shirin Babban Bankin Nijeriya na manoman shinkafa da alkama. Sunan shirin Anchor Borrowers' Programme. An ba da iri da taki da kayan aiki. Daga baya, da lokacin biya ya yi, aka sami manoma a wurare da dama waɗanda suka ɗauka kyauta ce gwamnati ta yi musu, aka yi ta jayayya. Alhali kuwa magana tana cikin sunan. Borrow cin bashi ne, borrower mai cin bashi. Loan rance ne, sai an mayar. Grant ita ce kyauta. Interest kuwa ruwan da a ke ɗorawa a kan bashi, wanda ya kamata Musulmi ya gane ta da ganin farko, don ya san abin da zai shiga kafin ya dangwala yatsa. Duk takardar da aka miƙo maka, ka nemi waɗannan huɗun a cikinta tukuna.

To, yaya za mu koya? Kowa ya sami ƙaramin littafin rubutu. Ku ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, shafi ya rabu uku. A gida na farko ku kwafi kalmar yadda ta ke a jikin kwali, harafi bayan harafi. A na biyu ku rubuta yadda kunnenku ya ji an faɗe ta, da haruffan Hausa. Wanda hannunsa ya fi sabawa da ajami ya rubuta da ajami, ba mai hana shi. A na uku ku sa ma'ana. Kalma biyu a rana ta isa. A wata guda kun sami 60, kafin wata huɗu kun wuce 200. Kada ku yi haɗama ku ɗebi ashirin rana ɗaya, da safe za ku tarar sun zube.

Ku faɗe su da ƙarfi, ba a zuci ba. A kan hanyar gona, ko wajen daka. In kun hau mota daga Kalgo zuwa Birnin Kebbi ko Jega, ku riƙa karanta allunan bakin hanya: Stop, tsaya. Slow down, rage gudu. No entry, ba shiga. Ga jami'ar tarayya da aka kafa a 2013 nan kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, 'ya'yanku da ƙannenku na cikinta, ga kuma na firamare a gida. Ku sa su faɗa muku kalma sau uku, ku maimaita. In yaro ya yi dariya, ku bar shi ya gama, sa'an nan ku ce ya sake faɗi. Amma abin da ya shafi magani, bayan yaro ya karanta, ku tabbatar a wurin ma'aikacin asibiti, gama yaro ya kan iya faɗin kalma bai san nauyinta ba.

Kalmomi uku kuma ku haddace tun yau, don su ne za su buɗe muku sauran. Please repeat, don Allah sake faɗi. Slowly, sannu-sannu. Write it, rubuta shi.

Mako mai zuwa kowa ya zo da abu ɗaya daga gidansa mai rubutun Turanci: kwalin magani wanda ba kome a ciki, ko buhun taki, ko tsohon rasit, ko katin rigakafin yaro. Galan na maganin feshi kada a kawo shi aji, a kwafo rubutun a takarda, a wanke hannu da sabulu. Malamin ajinku zai jera su a kan tabarma, mu fara da neman EXP a jikin kowanne. Wanda ya tarar nasa ya wuce lokaci, ya ajiye shi gefe, mu ƙidaya mu ga guda nawa za a samu a Gwandu, nawa a Kalgo.

Allah ya kai mu.